Zamani Riga: Canjin hoto ma canji ne, a san hannun da za a ba

Akwai lokacin da duk mai neman aikin gomnati ko gurbin karatu daga Damana ya san hanyarsa tun kafin ya bar gida. Zai karɓi takardar haifuwa, ya hau mota zuwa Filinge, ya nemi takardar zama ɗan ƙasa a gidan shari'a, ya yi fotokopi, a buga masa hatimi, ya tsaya gaban mai hoto a ɗauke shi, sannan ya zuba komi cikin ambulan ya miƙa ma direban da ya amince da shi, ko kuma ya bi ta Baleyara ya kai da kansa Yamai. Hanyar tana da tsawo, tana da cin kuɗɗi, amma kowa ya san inda takardarsa take da hannun da ya riƙe ta.

Yau salula ta rage wannan wahala. A babban garin Tondikandiya, cikin kwarin Dallol Boso, inda Zabarmawa da Hausawan Kurfai da Fulani da Buzaye suke cin kasuwa ɗaya, malamin makaranta yana aika rahotonsa ta WhatsApp, ɗan kasuwa yana nuna ma abokin cinikinsa na Yamai hoton rago ko na rasit, ɗalibi kuwa yana cika takardun neman karatu a ƙasashen waje bisa intanet. Sai dai wani sabon shinge ya fito inda ba a zata ba. Mutum ya gama cika komi, ya zo ɗora hotonsa, sai wani ɗan jan rubutu na Faransanci ya bayyana yana cewa ba a karɓar irin wannan hoto, ko kuma hoton ya yi nauyi. Ga wa'adi ya kusa cika, ga layin waya yana zuwa yana ɗaukewa. A nan ne wani yaro mai ido buɗe yakan ce: a kawo, akwai shafin da ke juya hoto kyauta. Cikin minti biyu an gama, kowa ya yi murna, babu wanda ya tambayi abin da ya ragu ga hoton, balle inda takardar ta kwana.

Mi ake nufi da zubin hoto?

Hoton da ke cikin salula ko kwamfuta tarin ɗigo ne, ko wane ɗigo da lambar launinsa. Salular da ake cewa tana da ɗigo miliyan 12, in da za ta ajiye hoto ɗanye yadda ta gan shi, nauyinsa zai kai mega 36, domin ko wane ɗigo yana buƙatar awo 3: na ja, na tsanwa, na shuɗi. Hoto talatin sun ishe su cinye jiga guda. Shi ya sa masana suka ƙirƙiro dabarun ƙunshe hoto, ko wace dabara da sunanta, kuma sunan ne ake gani a ƙarshen sunan fishiye, bayan ɗigo. Wannan shi ne zubi, abin da matasa ke kira forma.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne JPEG, wanda wani kwamitin masana na duniya ya tsayar a 1992. Dabararsa ita ce ya yayyanka hoto gida-gida, ɗigo 8 tsaye 8 kwance, ya zubar da abin da idon mutum ba ya lura da shi. Da haka hoton mega 36 yakan dawo mega 3 ko 4, ido kuwa ba ya ganin bambanci. GIF ya girme shi, tun 1987 kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da shi, amma launi 256 kaɗai yake ɗauka, shi ya sa yau sai ga ƴan hotuna masu motsi ake amfani da shi. A ƙarshen 1994 kamfanin Unisys ya tashi neman a biya shi kuɗɗin haƙƙin dabarar da ke cikin GIF, abin da ya harzuƙa masana suka haɗa kai suka fito da PNG a 1996, zubin da babu mai karɓar haraji bisansa. Shi PNG ba ya zubar da ko ɗigo ɗaya, don haka ya dace da rubutu da zane da tambarin kanti, amma yana da nauyi in aka ɗora masa hoton mutum ko na dabba.

PDF kuwa, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, kuma ya zama ma'aunin duniya a 2008, ambulan ne: ana iya zuba shafi goma cikinsa a jere, su isa yadda aka jera su. Shi ya sa ma'aikatu suka fi son sa ga dosiye. Daga baya sababbi biyu suka shigo, su ne kuma suka fi jawo rigima a yau. WebP na kamfanin Google ne, tun 2010, kuma sau da yawa shi mutum yake samu in ya sauko da hoto daga intanet. HEIC kuwa shi ne zubin da wayoyin iPhone suke ajiye hoto da shi tun 2017. Duka biyu suna da sauƙin nauyi, amma tsofaffin kwamfutocin biro da shafuna da dama ba su san su ba. Ke nan ɗan'uwa ya aiko hoto daga Yamai ko daga ƙasar waje, an kai biro, kwamfuta ta ce ba ta gane ba.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a kauce ma. Wasu sukan goge harufan ƙarshen sunan fishiye su rubuta waɗansu, suna zaton sun juya hoto. Wanda ya rubuta « shinkafa » bisa buhun hatsi bai canza abin da ke ciki ba. Wata na'urar takan yi haƙuri ta buɗe, amma shafin da ke binciken cikin buhu zai mai do da shi.

Hasarar da ke cikin canji

Ƴan kasuwar da suka saba da hanyar Nijeriya sun san cewa in aka canza sefa zuwa naira, aka sake mai do ta sefa, ba ta dawowa cif yadda ta tafi. Haka JPEG yake. Duk lokacin da aka buɗe shi, aka rage shi ko aka gyara, aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani abu, kuma abin da ya zuba ya tafi ke nan. Mai juya tsohon JPEG zuwa PNG da fatan ya ƙara kyau ya ɓata megarsa banza: hoton zai yi nauyi, amma ɗigon da ya ɓace ba zai dawo ba.

Ga hoton biki wannan hasara ba ta da zafi. Ga takardar hukuma kuwa tana iya zama babbar magana. Zubin JPEG an yi shi ne domin fuska da sararin sama da itatuwa, inda launi ke shiga cikin launi sannu a hankali. Bakin harafi mai kaifi shi ne abin da ya fi wahalar da shi, shi ya sa ake ganin wani dishi-dishi kewaye da rubutu in an matse hoto da yawa. Takardun haifuwa da yawa a karkara da hannu aka rubuta su, tawadar wasu ta koɗe, hatimin ya dushe. In irin wannan takarda ta bi ta salula uku, ko wace ta matse ta, sannan shafin canji ya ƙara matsawa don ta sauko ƙasa da nauyin da aka ƙayyade, to 3 takan yi kama da 8, 1 ta yi kama da 7. Ma'aikacin da ke duba ɗaruruwan dosiye a Yamai ba shi da lokacin yin duba ga shekarar haifuwar mutum. Zai ture takardar gefe, ɗan talaka ya jira wata shekara.

Kada a ce wannan tsoro ne kawai na mutanen karkara. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe mai suna David Kriesel ya gano cewa wasu injinan kwafe takardu na kamfanin Xerox suna musanya lambobi, suna sa 8 inda aka rubuta 6, saboda wata dabarar matsi da ake kira JBIG2, wadda ke ɗaukar harufan da suka yi kama da juna ta mai da su ɗaya. Kwafin yakan fito tsaf, babu dishi-dishi, amma lambar ƙarya ce. Kamfanin ya amsa laifin injinan, ya fito da gyara. In haka ta faru a manyan ofisoshin Turai, to wajibi ne duk mai juya takarda ya buɗe ta bayan canji, ya faɗaɗa ta da yatsa, ya karanta suna da kwanan wata da lamba ɗaya bayan ɗaya kafin ya aika.

WhatsApp ma yana da nasa rabon cikin wannan hasara. Hoton da aka aika ta hanyar da aka saba yakan ragu ƙwarai kafin ya isa. A 2023 an ƙaro maɓallin HD, wanda ke rage ɓarnar, amma hanyar da ke isar da hoto yadda yake ita ce a aika shi ta wurin da aka rubuta « Document ». Mai aika hoton rago ga mai saye ba ya buƙatar haka. Mai aika difloma ko takardar fili yana buƙata.

Ɗan canjin da ba a ganin fuskarsa

Hasarar ɗigo ita ce ƙarama. Babbar ita ce ta amana. Ɗan canjin kasuwa an san rumfarsa, an san ubangidansa, in ya ci amana akwai inda za a kai ƙara. Shafin canjin hoto kuwa, yawanci, aikin ba cikin salular mai hoto ake yin sa ba. Hoton yakan tashi daga Damana ya sauka cikin wata babbar kwamfuta a Turai ko Amurka ko Asiya, a juya shi can, sannan a mai do da kwafi. Ke nan takardar ta kwana gidan wani. Da yawa daga cikin shafunan suna rubuta cewa suna goge komi bayan ƴan awoyi ko kwana guda, kuma babu shakka akwai na kirki masu cika alkawari, suna samun abincinsu daga tallace-tallacen da suke liƙawa. Amma mai hoto ba shi da wata hanya ta tabbatar da haka, kuma shafin kirki da na ɓarawo kamarsu ɗaya a fuskar salula. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

A watan Maris na 2025 ofishin hukumar binciken Amurka ta FBI da ke birnin Denver ya yi shelar gargaɗi bisa wannan magana. Ya ce akwai shafunan canjin fishiye na kyauta waɗanda ke yin aikin da aka sa su, amma suna cusa ƙwayar cutar kwamfuta cikin abin da suka mai do, ko kuma su tatsi bayanan da ke cikin takardun da aka ba su: lambobin shaida, na banki, da kalmomin sirri. To mi ke cikin katin ɗan ƙasa? Suna, sunan uba da na uwa, ranar haifuwa da wurinta, fuska, lamba. Da irin waɗannan ne ake rajistar layin waya, da su ake karɓar kuɗɗi a gidajen aika kuɗɗi. Wanda ya mallaki kwafi mai kyau ya samu rigar da zai sa ya yi zamba da sunan wani.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tun 1995 masana'antun kyamara na Japan suka tsara wani ɓoyayyen rubutu da ake kira Exif, wanda ke tafiya tare da hoto. Yana faɗin irin na'urar da ta ɗauka, da rana da sa'a, kuma in an bar salula tana nuna wuri, yana faɗin daidai inda mutum ya tsaya. A jihar Tilaberi, inda rashin tsaro ya raba iyalai da dama da garuruwansu cikin shekarun nan, bayanin da ke nuna ƙofar gidan mai dukiya ko garken mai shanu ba abin wasa ba ne. Hoton da aka aika ta hanyar « Document » yana tafiya da wannan rubutu, haka ma wanda aka ɗora bisa shafin canji. Maganin abin yana cikin saitin kyamara: a kashe nuna wuri kafin a ɗauki hoto.

Ma'aikacin gomnati nauyinsa ya fi na kowa, domin takardun da ke hannunsa ba nasa ba ne. Sakataren da ya ɗora jerin sunayen ɗalibai, ko na masu karɓar taimako, ko na marasa lafiya bisa shafin da bai san mai shi ba, ya fitar da sirrin jama'a waje. Nijar tana da doka bisa wannan: doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017 game da kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar HAPDP, kuma aka sabunta ta da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022. Dokar ta ɗora ma duk mai riƙe da bayanan wasu alhakin tsare su, ta kuma sa sharuɗɗa ga fitar da su zuwa wata ƙasa. Mafi haɗari duka shi ne hatimin ma'aikata da sa hannun shugaba. Zubin PNG yana iya ajiye hoto ba tare da bango ba, wato hatimi tsirara wanda za a ɗora bisa ko wace takarda ya zauna kamar an buga shi. Wanda ya kai hatimin biro ga shafin cire bango don ya sauƙaƙa ma kansa aiki ya sassaƙa ma ɓarawo makulli da hannunsa.

Abin da ake iya yi cikin gida

Abin mamaki shi ne yawancin wannan canji ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Mai iPhone yana iya shiga saitin kyamara, wurin zubi, ya zaɓi « Le plus compatible », daga nan wayar za ta riƙa ɗaukar JPEG. Mai salular Android yana iya buɗe hoto, ya zaɓi bugawa, sannan maimakon injin buga takarda ya zaɓi ajiyewa a PDF. A kwamfutar biro, ɗan shirin nan Paint da ke zuwa tare da Windows yana rage girman hoto, yana kuma ajiye shi a JPEG ko PNG ta hanyar « Enregistrer sous ». Duk wannan yana faruwa cikin na'urar mutum, ba a ci masa mega ba, takarda kuwa ba ta fita ɗaki ba.

Ka'idar farko ita ce a ajiye uwar hoto. A ɗauki takarda sau ɗaya da kyau: a shimfiɗa ta bisa wuri mai faɗi, cikin hasken rana amma a inuwa, a goge idon kyamara, a riƙe salula daidai bisa takardar ba a karkace ba, kusurwa huɗu duk su fito. Wannan hoto na farko kada a taɓa shi. A ajiye shi wuri biyu, cikin salula da cikin kile ko katin ajiya da ke gida. Duk lokacin da wata ma'aikata ta nemi wani zubi ko wani nauyi, daga uwar za a ciro kwafi a juya, ba daga kwafin jiya ba. Ga iyalin da gobara ko gudun hijira ta raba da takardunsu, irin wannan hoto mai kyau yakan taimaka wajen nemo lamba da kwanan watan da za a bi a sake samun takarda.

Ta biyu ita ce a karanta abin da aka nema kafin a fara. In an rubuta Ko, kilo ake nufi, in an rubuta Mo, mega, kuma mega ɗaya kilo dubu ne da ɗan ɗoriya. In hoto ya yi nauyi, ya fi kyau a yanke gefen da ba a buƙata, tabarma da yatsun mai riƙewa, sannan a rage girma kaɗan, da a matse shi gaba ɗaya har rubutu ya narke. Hoton fuska irin na kati, santimita 3,5 bisa 4,5, ɗigo 413 bisa 531 sun ishe shi fita da kyau a injin bugawa. Shafin takarda cikakke kuwa gara tsawonsa kada ya gaza ɗigo 2000.

Ta uku ita ce a raba kaya biyu. Hoton haja, na dabba, na tallar kanti, wanda da ma don jama'a su gani aka ɗauke shi, babu laifi a juya shi bisa intanet, muddin ba a yarda an sauke wani shiri da shafin ya ce dole sai da shi ba, kuma an duba cewa abin da ya dawo hoto ne. Katin ɗan ƙasa, fasfo, takardar haifuwa, takardar fili, takardar albashi, sakamakon likita, hatimi da sa hannu, waɗannan a juya su cikin gida. In dole sai an kai ma mai rumfar kwamfuta, a tsaya a kansa har ya gama, a ga ya goge kwafin daga na'urarsa da kwandon shararta.

Kira ga ma'aikatu

Rabin wannan wahala daga sama take saukowa. Ma'aikatar da ta buɗe rajista bisa intanet ta san cewa masu nema ba duka ke zaune Yamai ba. Ya kamata sanarwa ta faɗi zubin da ake so da nauyinsa tun a layin farko, a kuma karanta ta da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyon karkara. Ya kamata shafin hukuma ya karɓi JPEG da PNG da PDF duka, ya rage nauyin da kansa, tunda aikin da shafin kyauta ke yi cikin daƙiƙa biyar bai fi ƙarfin masanan gomnati ba. Duk shafin hukuma da ya tsananta sharaɗi ba tare da ya ba da abin aiki ba, shi ne ke tura ɗiyan talakawa su miƙa katinsu ga baƙon da ba su sani ba.

A ƙananan hukumomi irin Tondikandiya, kwamfuta ɗaya da injin kwafe takardu ɗaya a ma'aikatar gari, da ma'aikaci guda da aka horar, sun isa su fitar ma mutum da kwafi mai tsabta ranar da ya karɓi takardarsa. Shugabannin makarantu kuwa suna iya ware sa'a guda ga ƴan ajin ƙarshe kafin lokacin cika dosiye, a nuna musu yadda ake ɗaukar takarda da yadda ake juya ta ba tare da ta bar salula ba. Su ne za su koma gida su koya ma iyayensu da ke kasuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.